Mai Kantin Littattafai Da Nauyin Ba Da Shawara

Duk wanda ya saba shiga kantunan littattafai a Gusau, ko a Ƙaura Namoda da Talata Mafara, ya san tambayar da aka fi tarbar mai saye da ita: "Malam, ina takardar?" Ana nufin takardar da makaranta ta ba yaro, wadda aka jera sunayen littattafan zangon karatu a kanta. Idan mutum ya ce ba shi da takarda, shi dai abin karantawa yake nema, mai amfani ko mai daɗi, sau da yawa yaron kanti kan yi shiru ya dube shi, sannan ya nuna masa kanta ya ce ya duba da kansa. A ganina wannan shirun asara ce ga jiha baki ɗaya, wadda ta fi ƙarfin cinikin da ya kuɓuce wa mai kanti a ranar. A garuruwan da ɗakunan karatu na gwamnati ba su da yawa, waɗanda ake da su kuma ba a cika zuba musu sababbin littattafai ba, mai kanti shi ne mutum na ƙarshe da ya rage tsakanin littafi da mai karatu, kuma idan shi ma bai san abin da ke cikin hajarsa ba, babu wanda zai nuna wa matashi ta inda zai fara. Ra'ayina shi ne ba da shawara a kan littafi ɓangare ne na sana'ar, daidai da sanin farashi da sanin inda ake saro kaya. Ya kamata masu kantunanmu su ɗauke shi a matsayin nauyin da ya hau kansu, mu kuma masu saye mu riƙa neman hakan daga gare su.

Ba baƙon abu nake kira a shigo da shi ba, domin wani ɓangare na masu wannan sana'a ya daɗe yana yin aikin yadda ya kamata. Ina nufin masu sayar da littattafan addini, waɗanda ke da rumfuna a kasuwa da waɗanda ke shimfiɗa tabarma a bakin masallacin Juma'a. Yawancinsu almajirai ne da suka zauna a zaure, suka sauke Alƙur'ani, suka bi littattafan fiƙihu a kan tsarin da aka gada, daga Ƙawa'idi zuwa Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, har a kai ga Askari da Muhtasar. Saboda haka idan saurayi ya zo da zumuɗi yana neman Muhtasar, mai sayarwa kan tambaye shi inda ya tsaya a karatu, in ya ji bai wuce Iziyya ba sai ya ce masa, "Malam ƙarami, wanga ya yi maka nauyi yanzu, ɗauki Risala tukuna." Ya san cewa littafin da ya hana shi ya fi tsada, amma ya hana ɗin. Ya san bambancin bugun Misra da na Berut da na Kano, ya san wanda aka yi wa wasali da wanda aka bari haka nan, da wanda sharhinsa ke gefen shafi, da wanda rubutunsa ya yi girman da idon tsoho zai iya ɗauka, da wanda takardarsa ba za ta jure juyawar yau da gobe ba. Idan dattijo ya aiko a sayo masa Alƙur'ani, abin da zai fara tambaya shi ne Warshu ko Hafsu, domin wanda ya tashi da allo da rubutun Warshu ba zai sake da ɗayan ba. Idan kuma ma'aikacin gwamnati ne da bai yi nisa a Larabci ba yake son sanin ma'ana, zai nuna masa fassarorin Hausa, ciki har da ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, ɗan asalin Gummi a nan Zamfara, wanda aka ba lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Duk wannan ilimi ne, kuma shi ne ke sa mai saye ya wuce rumfuna uku ya tsaya a ta huɗu.

Asalin wannan ɗabi'a yana cikin yadda ilimi ya zo mana. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya ɗauka a hannun kowannensu, tun daga mahaifinsa da yayansa har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umar. Abin lura a nan shi ne, a wurin magabatanmu littafi yana zuwa ne tare da sunan mutumin da ya miƙa shi, wanda aka sani, wanda kuma za a iya komawa gare shi a tambaye shi idan wani abu ya shige duhu. Mai sayar da littafi ba malami ba ne, kuma bai kamata ya ɗora wa kansa wannan matsayi ba, amma yana da ɗan rabo a cikin wannan gado, domin ta hannunsa littafin ke bi kafin ya shiga gida.

Haka abin ya kasance da ƙagaggun labarai na Hausa a lokacin da kasuwarsu ke ci. Bayan zamanin da kamfanonin Zariya ke riƙe da harkar, tun daga gasar rubutu ta 1933 har zuwa kafa kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) a 1966, sai matasa suka fara buga littattafansu da kansu daga shekarun 1980, aka samu abin da ake kira adabin kasuwar Kano. Littattafan sun bi motocin kaya sun iso Gusau da sauran garuruwa, kuma da su aka samu masu ba da hayar littafi a unguwanni. Matar aure da ba ta fita takan aiki yaro da kuɗin haya, ta ce a gaya wa mai shago ya ba da irin na rannan, shi kuwa ya san abin da take nufi, domin ya san gidan da ake son labarin soyayya, da gidan da ake son na zaman kishiyoyi, da saurayin da ba ya karanta komai sai na yaƙi da jarumtaka. Yakan ma gargaɗi mai karatu cewa kashi na uku bai fito ba, kada ya fara ya tsaya a rataye. Ba na cewa duk abin da aka miƙa wa mutane a wancan lokaci mai inganci ne, akwai shirme da yawa a ciki. Amma da wannan hidima aka raini dubban mata da suka bar makaranta da wuri ba su manta karatun boko ba, kuma cikinsu aka samu waɗanda suka zama marubuta. Yanzu yawancin wannan karatu ya koma waya, a zaurukan WhatsApp da manhajoji irin su Wattpad da tashoshin YouTube da ake karanta labari a saurara, kuma mai shagon haya ya koma sayar da caja da katin waya.

Inda aka fi samun shirun da na ambata shi ne kantunan littattafan boko, kuma adalci ne a faɗi dalilin da ya kai su ga haka, don ba lalaci ba ne kawai. Cinikinsu ya rataya ne a kan jerin da wasu suka tsara: manhajar makarantu, da littattafan adabi da WAEC da NECO suka zaɓa, da labarin da JAMB ke ɗora wa masu neman shiga jami'a, da tarin tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Wanda duk kasuwarsa ta ginu a kan abin da aka wajabta wa mutane saye ba ya jin buƙatar buɗe littafi. Sannan makarantu masu zaman kansu da yawa sun karɓe wannan cinikin ma, suna karɓar littattafai kai tsaye daga wakilan kamfanonin ɗab'i su sayar wa iyaye a harabar makaranta, har da ribarsu a kai. Ga kuma tsadar takarda. Masana'antun takarda da aka gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su iya riƙe ƙasar ba, takardar ɗab'i daga waje ake shigo da mafi yawanta, don haka da darajar naira ta faɗi bayan sakinta a watan Yunin 2023 farashin littafi ya tashi tare da ita. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau da kaya ke bi daga Kano da Zariya da Anaca ta zama abin fargaba, kuɗin dako ya ƙaru. Mai ƙaramin jari da ya ga haka sai ya cika kanta da littattafan rubutu da biro da jakunkunan makaranta, waɗanda ba sa kwantai. Na fahimci wannan lissafi sarai. Abin da nake ja da shi shi ne, wanda ya bi shi har ƙarshe ya zubar da abu ɗaya tilo da makaranta da mai tallar biro ba za su iya ƙwace masa ba, wato sanin littafi da sanin mutumin da ke tsaye a gabansa.

Ƙasashen da suka riga mu shiga irin wannan matsi sun gwada hanyoyi, kuma abin da ya fito daga gwajin nasu ya cancanci a duba. Kamfanin Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a Amurka a 1995, da rahusa da yawan kaya da babu kantin unguwa da zai iya kamo shi, kuma a 2011 babban kamfanin kantunan littattafai na Borders ya durƙushe. A wannan shekarar ce aka ɗauko James Daunt, wanda ya buɗe nasa ƙaramin kantin a Landan tun 1990, aka ba shi ragamar Waterstones, kamfanin kantunan littattafai mafi girma a Birtaniya, wanda shi ma yake gab da rushewa. Kafin zuwansa kamfanonin ɗab'i ne ke biyan kuɗi a ajiye littattafansu a gaban kanti, saboda haka kowane reshe kamarsa ɗaya da ɗan'uwansa, kuma tulin littattafan da ba a saya ba ake mayar wa masu su. Daunt ya daina karɓar wannan kuɗi, ya bar wa ma'aikatan kowane reshe su zaɓi abin da za su sa a gaba gwargwadon mutanen garinsu. Kayan da ake mayarwa suka ragu ƙwarai, kamfanin ya dawo yana cin riba, har a 2019 aka ƙara masa da jagorancin kamfanin kantunan littattafai na Barnes & Noble a Amurka. A Japan kuwa, tun 2004 ma'aikatan kantunan littattafai ke kaɗa ƙuri'a kowace shekara su zaɓi littafin da suka fi son su sayar, kuma wanda ya ci wannan lambar yabo yakan samu kasuwa mai yawa, domin jama'a sun yarda da zaɓin mutanen da ke wuni cikin littattafai. A ƙananan kantuna na waɗannan ƙasashe abu ne sananne a ga ɗan kati a liƙe a jikin kanta, ma'aikaci ya rubuta da hannunsa dalilin da ya sa yake son wani littafi, ya sa sunansa a ƙasa. Faransa ta bi ta hanyar doka, inda tun 1981 kamfanin ɗab'i ke yanke farashi, kuma ba a yarda wani mai sayarwa ya rage fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Wannan dokar ba za ta yi mana aiki ba, tunda namu ciwon daban ne, amma darasin Birtaniya da Japan ba ya buƙatar majalisa ko babban jari.

Za a ce ai yanzu waya ta wadatar, duk wanda ke son shawara sai ya duba Facebook ko ya tambaya a zauren marubuta. Ina karanta irin waɗannan shawarwari, kuma akwai masu amfani a ciki, amma suna da rauni iri biyu. Na farko, manhajar da ke nuna maka littafi tana lissafa abin da ka taɓa dannawa ne ta ƙaro maka irinsa, saboda haka wanda ya fara da labarin soyayya zai shekara goma yana cikin soyayya, babu abin da zai ce masa lokaci ya yi da zai gwada tarihi ko waƙa. Na biyu, yabon da ake zubawa a zaurukan sada zumunta yakan haɗa da na abokai da na waɗanda aka biya kuɗin talla, kuma mai karatu ba shi da hanyar rarrabewa. Wanda ya yaba maka littafi daga wata lamba da ba ka sani ba, ba zai yi asarar komai ba idan littafin ya zama banza. Mai kanti kuwa yana nan gobe a inda ka bar shi, kana iya komawa ka ce masa, "Alhaji, abin da ka ba ni bai yi ba," ya ji kunya, ya kuma san cewa maganar za ta kai majalisar unguwa kafin magariba. Matsayinsa kamar na mai sayar da iri ne a kasuwar ƙauye: manomi ba ya gane ingancin abin da ya saya sai kaka, amma idan kaka ta yi ya san rumfar da zai nufa, ko da godiya ko da ƙorafi. Wannan yiwuwar a dawo a tuhume shi ita ce ke ba shawararsa daraja. Mu a Zamfara muna da ƙarin dalili na kada mu jingina karatunmu gaba ɗaya a kan waya, domin a watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, kuma duk wanda labarinsa ke zuwa kashi-kashi ta WhatsApp ya tsaya cik a inda aka yanke.

Akwai hujjoji masu ƙarfi a kan abin da nake faɗa, kuma mafi ƙarfinsu ita ce mai kanti ɗan kasuwa ne, ba alƙali ba. A Turai littafin da bai saidu ba ana iya mayar da shi ga kamfanin ɗab'i, amma a nan galibi mai kanti ya riga ya biya kuɗin kayansa, ko ya karɓo su bashi daga dillali yana jiran ranar biya. Duk littafin da ya yi kwantai jarinsa ne ke kwance yana shan ƙura, don haka idan baƙo ya shigo ya ce a zaɓa masa, zuciya za ta raya masa ya miƙa wanda ya fi daɗewa a kanta ya rantse cewa babu kamarsa. Wannan yana faruwa, kuma duk wanda aka taɓa yi wa haka yana da haƙƙin ya yi shakka. Amsata ita ce masu sayen littafi don karatun ganin dama a gari kamar Gusau ba su da yawa, sun kuma san juna: malaman makaranta ne, da ɗaliban jami'a, da ma'aikatan asibiti, da 'yan jarida, da wasu matan gida. Wanda ya yaudari ɗaya daga cikinsu ya sayar da littafi guda, ya kori mutum biyar. Akwai kuma hanya mai sauƙi da mai kanti zai nuna cewa maganarsa ba ta neman kai da kaya ba ce, wato ya ce duk littafin da shi ya zaɓa wa mutum, in bai gamsu ba ya dawo da shi cikin 'yan kwanaki ba tare da ya lalata shi ba, a musanya masa da wani. Wanda ya yi wannan alkawari dole ya yi tunani kafin ya buɗe baki. Kwantai kuma a ware shi gefe guda, a karya farashinsa, a faɗa wa mutane gaskiya cewa rahusa ce ake yi.

Hujja ta biyu ta fi wuyar sha'ani, domin ta shafi aƙida. Kowa ya san cewa kantunan littattafan addini da yawa suna da ɓangaren da suka karkata, wannan na mutanen Izala ne, wancan na 'yan ɗariƙa ne, kuma shawarar da za a ba ka takan bi wannan layi. Ba na ganin laifin mutum ya ƙi sayar da abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba, kantinsa ne da dukiyarsa. Inda nake ganin an ci amana shi ne a ɓoye wa mai saye matsayin marubuci, a miƙa masa littafin raddi a ce masa littafin koyon ibada ne, ko a ce wani littafi ba ya nan a kasuwa alhali yana rumfar da ke kallon taka. Ɗalibin da ke nazarin addini ko tarihi a Jami'ar Tarayya ta Gusau dole ne ya karanta waɗanda ya yarda da su da waɗanda bai yarda da su ba, kuma abin da yake buƙata daga mai kanti shi ne bayani na gaskiya: wannan marubucin ɗan wane ɓangare ne, ga wanda ya yi masa martani, ga inda za ka same shi ko da ni ba na ajiye shi. Haka nan idan uba ya zo neman labarin da zai kai wa 'yarsa mai shekara 13, wajibi ne a gaya masa wanda ya dace da shekarunta da wanda aka rubuta don manya. Wannan bayani ne, kuma na fi amincewa da shi a kan kwamitin da zai zauna a ofis ya haramta littafin da bai karanta ba. Amma babbar mace da ta zo da kuɗinta tana neman labari, aikin mai kanti ya tsaya a gaya mata abin da ke ciki, ba ya yi mata wa'azi ba.

Sai batun littattafan jabu, wanda ba zan daɗe a kansa ba don kowa ya san shi. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta tsananta hukunci, amma kasuwa cike take da bugun sata mai dusasshen rubutu da shafuka a juye. Mai kantin da ke son a yarda da zaɓinsa ba zai miƙa jabu da sunan na asali ba, domin wanda aka kama da ƙarya a kan takarda ba za a gaskata shi a kan abin da ke rubuce a cikinta ba.

Abin da ake buƙata don a fara bai kai yadda ake zato ba. Cinikin kantin littattafai yana da lokaci, ana rububi a farkon shekarar karatu da gab da jarrabawa, sauran watanni kuwa yaron kanti yana wuni a zaune yana latsa waya, da ɗaruruwan littattafai a bayansa. Da maigidansa zai sa shi ya riƙa karanta ko da guda ɗaya a wata, ya rubuta layi uku a kan kati da boko, in da hali da ajami saboda waɗanda suka fi sakewa da shi, ya sa sunansa, da kafin shekara ta zagayo kantin ya samu kanta guda da ba ta kama da ta kowa ba. Ya kamata kuma a ajiye littafin rubutu a kan tebur, a riƙa shigar da duk abin da aka nema ba a samu ba, domin da shi za a tafi sari maimakon a bar dillalin Kano ko na Anaca ya cika kwali da abin da shi yake son rabuwa da shi. A nan ne ma 'yancin ƙaramin kanti yake, domin mu ba mu da manyan kamfanonin da za su haɗiye shi, wanda ke juya shi a ɓoye shi ne mai ba shi kaya bashi. Kuma tunda mata su ne mafi yawan masu karanta ƙagaggun labarai na Hausa, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau wadda mata take horarwa, rashin mace ko ɗaya a bayan kanta a yawancin kantunanmu kuskuren kasuwanci ne, domin akwai tambayoyin da ɗaliba ba za ta yi wa saurayin da ba ta sani ba.

Wurin da na fi son in ga an yi amfani da wannan shawara shi ne abin da aka rubuta a kan ƙasarmu da kuma abin da 'ya'yanta suka rubuta. Yaro yana iya gama sakandare a Gusau bai taɓa riƙe littafi a kan tsohuwar daular Zamfara ba, ko a kan Kanta na Kabi da birninsa na Surame, ko a kan Alƙalawa, alhali masana sun yi rubutu a kansu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da mawaƙan baka, waɗanda da yawansu daga wannan yanki suka fito, amma irin waɗannan ayyuka sun fi zama a ofisoshin malaman jami'a fiye da kantunan kasuwa. Babu manhajar waya da za ta tura wa matashi irin wannan littafi, tunda bai taɓa neman irinsa ba, kuma babu shi a takardar makaranta. Mutum ne kawai zai iya ɗauko shi ya ce, "Ɗan'uwa, kai da kake Bazamfare, ka taɓa ganin wannan?" Marubutan jihar su ma suna da nasu laifin, domin da yawa suna ƙaddamar da littafi a babban ɗakin taro, manyan baƙi su saya da kuɗi masu kauri, sauran kwafin a kai gida a jibge. Kwafi biyar da aka kai wa mai kanti, da guda ɗaya kyauta don shi ya karanta, sun fi kwali goma a ƙarƙashin gado.

Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2023, kuma an ga gyaran gine-ginen makarantu. Idan aka zo cika ɗakunan karatunsu, hanyar da aka saba ita ce a ba ɗan kwangila, shi kuma ya kawo abin da ya samu da araha, ko ya dace da yaran ko bai dace ba. Zai fi amfani a ware wani kaso na kuɗin a saya daga kantunan da ke cikin jihar, a zaunar da masu su tare da malaman Hausa da na Turanci da na Larabci su fitar da jerin da kansu, kowa ya kare abin da ya kawo a gaban sauran. Mu masu saye kuma akwai abin da ya rage a wuyanmu. Mutum ya tsaya rabin sa'a mai kanti yana yi masa bayani, ya ɗauki hoton bangon littafin, sannan ya tafi ya nemi wanda zai turo masa kwafin sata a waya, wannan cin gumin wani ne, kuma idan ya yawaita babu mai kantin da zai ci gaba da ɓata lokacinsa. Idan kuɗin bai kai ba a faɗa masa, yawancinsu suna yarda a biya sau biyu ko a ajiye wa mutum littafi zuwa ƙarshen wata.